Yarona ba ya zama wuri ɗaya, an ce a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, babansa ya ce shi ba mahaukaci ya haifa ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a Kano, yarana uku, na tsakiyan ne ya hana ni barci, shekararsa 8 yana aji 4. Tun yana rarrafe ba ya zama, yanzu kuma makarantar boko sun kira ni sau uku a zangon nan wai ba ya gama aikin aji, yana tashi yana yawo yana katse malama, fensir kuwa duk sati sai na sayi sabo, ya taɓa dawo min da takalmi ƙafa ɗaya. A Islamiyya malam ya ce yana da kai, in ya ji aya sau biyu ya riƙe, amma ba ya zama a yi hadda, kullum da shatin bulala yake dawowa. In na aike shi gishiri da ashana sai ya dawo da ɗaya ko ya tsaya kallon 'yan ƙwallo. Amma in ya samu waya ko yana kwance tsohuwar rediyon babansa sai ya yi awa biyu ko motsi babu. Babansa ya ce ai kinga yana iya zama in ya ga dama, iskanci ne kawai maganinsa duka. Hajiyarsu ta ce baki ne ya kama shi, an yi rubutu an yi tofi. Ni kuma na ga wani bidiyo a TikTok akan ADHD, wai matsalar rashin tara hankali da yawan motsi, duk abin da aka lissafa kamar yarona ake faɗa. Na je wani asibitin kuɗi suka ce sai an yi masa hoton ƙwaƙwalwa da wani gwaji na kwamfuta, kuɗin ya fi albashin babansa na wata. Wani mai kemis a layinmu kuma ya ce akwai sirof da zai sa ya nutsu. Da na yi wa babansa zancen asibiti ya ce shi ba mahaukaci ya haifa ba, kwana biyu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Abin da ya fi tsaya min a rai, ranar nan yaron ya ce min "Mama ni daƙiƙi ne ko?" Ni ma ina dukansa in na gaji, bayan nan in shiga ɗaki in yi kuka. Anti me ake yi a gwajin nan? Dole sai an yi hoton? Ko in kai shi a ɓoye?

Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na tsaya duka biyun shi ne tambayar da yaron ya yi miki, dan haka daga nan zan fara kafin mu je zancen asibiti. Yaron da ke jin aya sau biyu ya riƙe, yaron da ke zama ya kwance rediyo dan ya ga me ke cikinta, wannan ba daƙiƙi ba ne, kuma ba sai kin jira likita ya tabbatar miki ba kafin ki faɗa masa. Yau ɗin nan ki zaunar da shi ki ce masa a'a, kai ba daƙiƙi ba ne, zama ne yake yi maka wahala kuma za mu gano dalili. Yaro ɗan shekara 8 ba shi ya ƙirƙiro wannan kalmar ba, ji ya yi ana jifansa da ita har ya fara yarda, kuma wannan yardar ta fi ɓatan fensir da takalmi tsada nesa ba kusa ba. Zancen dukan da kike yi kina kuka kuwa, bazan zauna ina yi miki wa'azi ba, uwar da ba ta damu ba ba ta kuka kuma ba ta rubuto wasiƙa. Gajiya ce. Amma ki lura da abu ɗaya, shekara nawa ana dukan nan daga gida zuwa boko zuwa Islamiyya, da duka na maganin wannan abin ai da tuni ya zama waliyyi.

Toh bari mu zo kan ADHD ɗin. Ni daga nan bazan ce miki yana da shi ko ba shi da shi ba, kuma bidiyon TikTok ma ba zai iya ba, saboda in aka karanto alamomin nan a gidan suna rabin yaran wajen sai uwarsu ta ce nata ne. Kowane yaro yana ƙiriniya, kowane yaro yana mantuwa. Abin da likitoci ke nema shi ne yawan abin da daɗewarsa da kuma ɓarnar da yake yi wa rayuwar yaron. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5 da ya fito a 2013, ya kasa alamomin gida biyu, guda 9 na rashin tara hankali irin su mantuwa da zubar da kaya da fara aiki a kasa gamawa da a yi wa yaro magana kamar ba ya ji, sai guda 9 na yawan motsi da gaggawa irin su mutsu-mutsu a kujera da tashi a aji da katse mutane da kasa jiran layi. Ga yaro ana son a samu aƙalla 6 a ɓangare ɗaya ko a duka biyun, sun kai wata 6 ana ganinsu, sun fara tun kafin ya kai shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye ba a aji kaɗai ba, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane, sannan babu wani dalilin da ya fi bayyana su. Abin da kika lissafa, gida da boko da Islamiyya, tun yana rarrafe, gaskiya ya isa a ce a duba shi da kyau. Ya isa a duba, bai isa a yanke hukunci ba.

Kuma ba cutar zamani ba ce da waya ta kawo kamar yadda ake faɗa a zaure. Tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin irin yaran nan, lokacin ko rediyo babu a gidaje balle TikTok. Ana kiyasta kusan yaro 5 cikin 100 ne ke da shi, kinga ajin da ke da yara 60 ba abin mamaki ba ne a samu biyu ko uku. Sukari ba ya kawo shi, rashin tarbiyya ba ya kawo shi, galibi gado ne, binciken da aka yi akan tagwaye ya nuna gado na da kaso sama da 70 cikin 100 a ciki. Ki riƙe wannan maganar ta gado, zan dawo kanta in mun zo kan maigidanki.

Yanzu tambayarki ta hoto. A'a ƙanwata, ba a gano ADHD da hoton ƙwaƙwalwa, ba a gano shi da gwajin jini, babu wata na'ura da za a ɗora wa yaro ta buga takarda ta ce ga shi. In aka ɗauki hoton kan yaro mai ADHD da na wanda ba shi da shi aka ajiye wa likita a tebur ba zai iya ware su ba. Gwajin nan da ake manna wayoyi a fatar kai, EEG, na neman farfaɗiya ne, kuma yana da ranarsa, saboda akwai wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa ba a kumfar baki, yaro kawai zai ƙame ya zuba ido na daƙiƙa kamar 10, ki kira shi ko ki taɓa shi bai san kina yi ba, sai ya dawo ya ci gaba kamar ba komai, kuma yana iya yi sau da yawa a rana, malamai su ɗauka rashin mai da hankali ne. In kin taɓa ganin haka ki faɗa wa likita, a nan EEG ya zama dole. In kuwa babu wannan, babu ciwon kai mai tsanani, babu raunin hannu ko ƙafa, bai taɓa buguwa mai tsanani a kai ba, toh duk wanda ya fara ce miki kawo kuɗin hoto kafin ya zauna ya tambaye ki tarihin yaron na awa guda, ki tambaye shi a mutunce me yake nema a hoton kuma me sakamakon zai canza. Bazan ce cutarki suke son yi ba, ban san me suka gani ba, amma dai ba ta nan ake farawa ba.

Ainihin gwajin zama ne da tambayoyi, kuma ke ce babbar na'urar. Za a tambaye ki tun daga ciki, ya haihuwar ta kasance, bakwaini ne ko cikakke, ya yi kuka da aka haife shi, ya yi shawara mai tsanani yana jariri (shawarar da ido ke yin ɗorawa nake nufi ba irin wadda nake ba ki yanzu ba), yaushe ya fara tafiya da magana, ya taɓa maleriyar da ta kai shi ga suma ko jijjiga, ya taɓa sanƙarau, yana da sikila. Waɗannan ba tambayoyin cika fom ba ne, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna iya barin yaro da matsalar tara hankali, sikila kuma tana iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa shiru ba wanda ya sani sai dai a ga karatu ya ja baya. Za a tambayi barcinsa, yana minshari, yana buɗe baki, ƙarfe nawa yake kwanciya, dan yaro ba kamar babba ba ne, in barci bai ishe shi ba maimakon ya yi laushi sai ya ƙara zabura. Za a duba kunne da ido, sau nawa aka yi wa yaro laƙabin mara ji alhali da gaske ba ya jin ne, kunnen ya toshe ko ya daɗe yana ruwa, wani kuma allon ne ba ya gani daga bayan aji. Za a iya duba ƙarancin jini. In akwai inda ake fasa batir ko aikin ma'adinai kusa da ku ki faɗa, gubar dalma na taɓa hankalin yara sosai, duk mun tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare. Za a kuma tambaya ko akwai abin da ke tsorata shi, faɗa a gida, rasuwa, wani yaro da ke cin zalinsa, ko wani babba da ke taɓa shi, saboda yaron da hankalinsa ke tashe ma ba ya zama.

Akwai wani abu a wasiƙarki da na ja wa layi, shekara 8 a aji 4. Wanda ya shiga aji 1 yana ɗan shekara 6 sai ya kai 9 yake zuwa aji 4, kinga naki yana iya zama cikin ƙananan ajin. Mu nan muna da son tura yara gaba dan a ce ɗan wance ya gama firamare da wuri, kuma an gano a ƙasashe da dama cewa yaran da suka fi kowa ƙanƙanta a aji su aka fi yi wa zaton ADHD, dan ana auna su da waɗanda suka girme su da kusan shekara. Wannan bai goge abin da kike gani a gida tun yana rarrafe ba, amma ki faɗa wa likita, ya kamata a auna shi da sa'anninsa ne ba da 'yan ajinsa kawai ba.

Bayan tarihi sai fom. Akwai takardun tambayoyi da aka tsara, irin su Vanderbilt da Conners da SNAP, ɗaya iyaye su cike ɗaya malami ya cike, kowace tambaya ki zaɓi ko ba ya yi ko wani lokaci ko sau da yawa ko kusan kullum. Vanderbilt ma kyauta ne. Dalilin da ya sa ake son na malami shi ne ke yara uku kika sani, ita malamar ta ga ɗaruruwa masu shekarunsa, ta fi ki sanin inda ƙiriniyar yau da kullum ta tsaya. Ni da zan so ki haɗa har da malamin Islamiyya ko da baki ne ki tambaye shi ki rubuta, dan shi ma shaida ne kuma shi ne ma ya lura yaron na da kai.

Sai kuma gwajin da suka ce miki na kwamfuta, da sauran gwaje-gwajen da masanin halayyar ɗan'adam ke yi, wanda ake ce wa saikolojis. Nan za a zauna da yaron ne kamar wasa, a karanto masa lambobi ya maimaita, sannan a ce ya maimaita su daga baya zuwa gaba dan a ga nawa yake iya riƙewa a ka yana juya su, a ba shi 'yan tubala masu launi ya haɗa zane, a ba shi alamomi ya kwafa da sauri ana duba agogo, a sa shi karatu da rubutu da lissafi. Wanda aka fi sani a irin waɗannan shi ne WISC, na yara 'yan shekara 6 zuwa 16. Na kwamfutar kuma da gangan aka yi shi ya gundiri mutum, yaro zai zauna kamar kwata zuwa minti 20 haruffa ko siffofi na fitowa, ya danna in ya ga wannan kar ya danna in ya ga wancan, na'urar na ƙirga sau nawa ya wuce bai danna ba da sau nawa ya yi azarɓaɓi. Suna da amfani, amma ki san iyakarsu. Yaro mai ADHD na gaske yana iya cinye gwajin nan tas saboda ɗaki ne shiru, shi kaɗai da baƙo, abin sabo ne yana burge shi, wani kuma lafiyarsa lau amma ya faɗi dan bai karya ba ko tsoron wurin yake. Ga kuma wata matsala tamu, yawancin gwaje-gwajen nan da Turanci aka tsara su kuma da yaran Amurka ko Ingila aka auna makinsu, yaron da Hausa yake tunani da ita in aka tambaye shi ma'anar kalmar Turanci ya kasa ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba, Turancinsa aka auna. Dan haka in za a yi ki tambaya wane yare za a yi masa magana da shi, kuma ya za su fassara makin. Inda gwajin ya fi amfani shi ne in ana zargin akwai wani abu tare da ADHD ɗin ko a madadinsa, misali matsalar karatu da ake ce wa disleksiya, inda yaro mai basira ke fama da haɗa haruffa, sai ya riƙa tashi yana yawo dan gudun kunyar a ce ya karanta. In naki yana karatu da rubutu daidai da sa'anninsa, mai yiwuwa likita ya ce ba sai an yi wannan dogon gwajin ba yanzu, kuɗinki ya huta.

Ina za ki fara? Wajen likitan yara, ba asibitin ƙwaƙwalwa ba. A Kano kina da asibitin yara na Hasiya Bayero, kina da ɓangaren yara a asibitin Murtala da asibitin Malam Aminu Kano, a can za a duba kunne da ido da jini da barci, in sun ga da buƙata su za su tura ki ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa da takarda. Masu karatu da ke wasu garuruwan akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, in kuma an tura su akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Ki sa a ranki ba a gama wannan abin a zuwa ɗaya, za a ba ki fom ki kai makaranta ki dawo, wataƙila sau biyu ko uku, da layi da jira, amma ya fi sauƙin kuɗi nesa.

Sirof ɗin mai kemis kuwa, ƙanwata dan girman Allah kar ki karɓa. Abin da ake ba yara dan su "nutsu" galibi maganin mura ne ko na ƙaiƙayi mai sa barci, wani lokacin ma abin da ya fi haka haɗari, ba nutsuwa yake kawowa ba kasala ce, wasu yaran ma ƙara birkicewa suke yi in sun sha. Mu da muka ga abin da sirof ɗin tari mai kodin ya yi wa matasan garin nan har gwamnati ta hana shi a 2018 bai kamata a koya wa ɗan shekara 8 cewa kwalba ce ke kawo zaman lafiya ba.

Toh sai babban aiki, maigidanki. Kar ki kai yaron a ɓoye. Ba wai dan tsoro kawai ba, abin ne ba ya ɓoyuwa, fom zai je makaranta, yaron da kansa zai faɗa tun kafin ku cire takalmi, kuma ranar da baban ya ji daga bakin wani shikenan ya tsani maganar gaba ɗaya ko da gaskiya ce. Kuma ki yi masa adalci, mutumin nan ba ƙin ɗansa yake ba, kalmar ƙwaƙwalwa ya ji sai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ya faɗo masa a rai, ya hango ana nuna ɗansa a unguwa, ya hango ranar neman aure ana cewa ai ya taɓa zuwa asibitin mahaukata. Tsoro ne ya fito da rigar faɗa. Hujjarsa ta waya da rediyo ma ba ta banza ba ce, kowa zai yi wannan tunanin, sai dai amsarta ita ce masu ADHD ba rasa hankali suka yi ba, juya shi ne yake musu wahala, abin da ke burge su yana ba su lada nan take sai ya riƙe su har su manta da abinci, wanda kuma ladansa ke nesa irin kwafar allo sai hankalin ya zame ko suna so ko ba sa so. Wannan zaman na awa biyu likita ba zai ɗauke shi hujjar lafiya ba, cikin labarin yake.

Ki bari ya huce, ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun kwanta, kar ki ambaci ADHD kar ki ambaci TikTok, ki ce Abban wane makaranta sun kira sau uku, ina son mu kai shi likitan yara a duba kunnensa da idonsa da jininsa mu fita haƙƙinsa, kuma ina son ka je da mu dan kai za su fi ji. Wannan ba yaudara ba ce, shi ne ainihin matakin farko. Ki faɗa masa tambayar da yaron ya yi miki, kalma da kalma, uba ne, za ta taɓa shi. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko wani ma'aikacin lafiya a dangi, ko ki roƙi hedimasta ya kira shi shi da kansa, maza da yawa abin da suka ƙi ji a ɗaki suna karɓarsa a ofis. In duk an yi haka ya ce shi dai ba zai je ba amma bai hana ki ba, ki je, ki dawo ki ba shi labari dalla-dalla.

Hajiya kuma kar ki yi jayayya da ita akan baki da tofi, addu'a ba ta hana asibiti asibiti ba ya hana addu'a, ki ce mata a ci gaba da addu'a Hajiya mu kuma haɗa da neman magani tunda Annabi (SAW) ya ce a nema. Iyaka dai kar a kai shi inda za a ɗaure shi ko a dake shi ko a yi masa hayaƙi da sunan cire iska. Sannan ga inda zancen gado ya dawo, wata rana cikin hira ki tambaye ta, Hajiya shi Abbansu ya yake yana yaro? Kar ki yi mamaki ta kwashe da dariya ta ce ai wannan bai kama ƙafar ubansa ba, ta fara ba ki labarin katangar da ya haura da allon da ya fasa. In haka ta faru kin samu bayani mai amfani ga likita, amma dan Allah kar ki mai da shi makami ki ce ai kai ka gada masa, kuma ki duba naki ɓangaren ma, mu mata namu yakan ɓuya, ba ma haura katanga sai dai a ce wance akwai shiririta da mantuwa, tuwo ya ƙone tana tsaye a kai.

Kafin ranar asibiti akwai abin da za ki fara wanda ko yana da ADHD ko babu zai amfane shi. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, ki kira sunansa ki bari ya kalle ki, ki faɗa a gajarce, ki sa ya maimaita. Aikin gida na makaranta ki yanka shi, minti 10 ya tashi ya sha ruwa ya zagaya ya dawo, ya fi ki tsare shi awa guda kuna kokawa. Jaka da takalmi wuri ɗaya kullum, a shirya tun dare. Waya bayan an gama aiki ba kafin ba, kuma a ɗauke ta awa guda kafin barci. In ya yi daidai ki yaba nan take ki faɗi abin da ya yi, "na ji daɗi da ka kawo gishirin ba ka tsaya ba", irin yaran nan yabon gobe ba ya musu aiki sai na yanzu. In ya yi laifi hukunci gajere wanda ya san da shi tun farko, a hana ƙwallon yamma ɗaya, ba na sati ba. Ki roƙi malamar ta dawo da shi gaba kusa da ita nesa da taga, ta riƙa ba shi aikin tashi, goge allo, raba littattafai, tunda dole sai ya motsa gara motsin ya zama da izini. Malamin Islamiyya kuma ki aika babansa ko ki je da kanki cikin girmamawa, ki ce malam kai ka ce yana da kai, a gwada ba shi aya kaɗan-kaɗan ya biya ko a tsaye ne, a ɗaga masa bulala na wata ɗaya mu ga.

Nasan zuciyarki na kan zancen magani ko da ba ki tambaya ba. In an tabbatar yana da shi, ba lallai a fara da ƙwaya ba, ya danganta da yadda abin ke cutar da shi, kuma horar da iyaye da gyaran aji suna cikin maganin. In an zo kan ƙwaya, wadda aka fi amfani da ita methylphenidate ce, da yawa sun fi saninta da Ritalin, an shafe shekaru sama da 60 ana ba yara, tana taimaka wa yawancin waɗanda aka ba, amma tana rage cin abinci tana iya hana barci, dan haka ake auna nauyi da tsawo da bugun zuciya da hawan jini lokaci-lokaci. Magani ne da doka ta sa wa ido, sai da takardar likita, ba kowane famasi ke da shi ba. Akwai kuma atomoxetine da ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinta. Duk wannan ke da babansa za ku yanke tare da likita, ba wanda zai ɗura wa ɗanku abu ba da yardarku ba, kuma ba ku kai wannan gaɓar ba tukuna.

Abin da nake so ki yi daga gobe, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru na sati biyu ko uku, ƙarfe nawa ya kwanta ƙarfe nawa ya tashi, me ya ci da safe, me ya ɓatar, yaushe ya birkice kuma me ya faru kafin nan, har da ranakun da ya yi kyau da abin da ya bambanta su. Ki tattaro katin rigakafinsa da duk sakamakon jarrabawarsa tun nazire, musamman wurin da malamai ke rubuta ra'ayinsu a ƙasa, da littafin aikinsa guda biyu, ɗaya mai kyau ɗaya mara kyau. Daren da za ku je ki ce masa za mu je wajen likita ne ya duba kunnenka da idonka ya yi maka tambayoyi, ba laifi ka yi ba, kuma in za a ɗebi jini kar ki ce masa ba allura, ki faɗa masa gaskiya. Ki sa masa abin taɓawa a jaka da wani abin da zai riƙa kwancewa yana ɗaurawa, layin asibiti da tsawo. In kun dawo ki rubuto min abin da likitan yaran ya ce akan kunnen da barcin, da kuma amsar da Hajiya ta ba ki.